Halayen 'Yan Wasan Golf: Tsari, Camfi Da Riƙon Amana

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga birnin Kano ta yi arewa maso gabas zuwa Minjibir a cikin watannin rani, zai ga ƙasar da ba a bar ko taku ɗaya nata ya zauna banza ba. Gona tana manne da gona, ba abin da ya raba su sai layin gamba. Gawo da ɗorawa da kuka suna tsaye jefi-jefi, an kuma jibge taki tsibi-tsibi ana jiran saukar damina. Haka abin yake a Ungogo da Gezawa da Dawakin Tofa da Bichi, har zuwa Dambatta. Masana labarin ƙasa, irin su Michael Mortimore wanda ya fara nazarin wannan yanki tun cikin shekarun 1960, sun daɗe suna ba da misali da shi a kan yadda jama'a masu yawa ke cin abinci daga ƙasa kaɗan, shekara da shekaru, ba tare da ƙasar ta mutu ba.

A tsakiyar irin wannan ƙasa ce sunan wasan golf ya sauka, bayan da aka buɗe wurin shaƙatawar nan na Porto Golf Resort a ƙaramar hukumar Minjibir. Kafin wannan, golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, abin birni ne, ana yin sa a tsohon filin da Turawa suka bari a Kano tun farkon zamanin mulkinsu. Ga manomi, abin mamakin bai tsaya ga ganin dattijo mai furfura yana bin 'yar ƙwallo a rana ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne abubuwan da dattijon kan yi kafin ya buga ta: ya tsuguna, ya miƙe, ya cira ciyawa ya watsa sama, ya kaɗa sanda sau uku, sa'an nan bayan ƙwallon ta tashi ya bi ta da magana kamar mai kora akuya.

Waɗannan ɗabi'u ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tsari, masu taimakon hannu da zuciya. Akwai na camfi, waɗanda ba su ƙara kome. Akwai kuma waɗanda mutum kan nuna bayan ya yi bugu, sa'ad da ba mai kallonsa, su ne kuwa suka fi cancanta a sa musu ido.

Yadda Wasan Yake

Golf wasa ne da ya girma a ƙasar Sikotland. Tun a shekarar 1457 majalisar ƙasar, a zamanin Sarki James na Biyu, ta hana shi tare da ƙwallon ƙafa, domin ya ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. A 1744 aka rubuta dokokinsa na farko guda 13 a garin Leith, a 1764 kuma filin St Andrews ya rage ramukansa daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta bi har yau.

Manufar wasan ba ta da wuyar faɗi. Ɗan wasa zai kora ƙwallo da sanda daga mafari har ta faɗa rami mai faɗin milimita 108, ya yi haka a ramuka 18, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Nauyin ƙwallon bai kai giram 46 ba, doka kuma ba ta yarda mutum ya ɗauki sanduna fiye da 14 a jakarsa ba. Zagaye guda kan ci wajen awa 4, da tafiyar ƙasa ta kimanin kilomita 8.

A nan ne asalin ɗabi'un yake. Bugu ɗaya bai wuce daƙiƙa biyu ba, saboda haka a cikin awa 4 ɗin nan ainihin lokacin bugu 'yan mintoci ne kawai. Sauran duka tafiya ce da jira da tunani. Mai ƙwallon ƙafa ba shi da sukunin zullumi, gama ƙwallo na gudu, abokin gaba na tafe. Ƙwallon golf kuwa a zaune take, tana jiran mai ita, ba wanda zai taɓa ta sai shi. In ta ɓaci, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Zuciyar da aka bar wa fili irin wannan ba ta rasa ƙirƙiro abin da za ta riƙe.

Ɗabi'un Tsari

Malaman wasan da kansu suna koya wa ɗalibi ya kafa tsari ɗaya da zai riƙa bi kafin kowane bugu. Zai tsaya a bayan ƙwallo ya hango inda yake nufi, ya zaɓi wata alama kusa da shi, kamar busasshen ganye, ya daidaita fuskar sanda da ita, ya kafa ƙafafu, ya saki numfashi, sa'an nan ya buga. Hikimar ita ce, jiki ya fi yin aiki daidai idan an bi da shi ta hanyar da ya saba, zuciya kuma idan tana ƙirga matakai ba ta samun damar tuno bugun da ya lalace ɗazu. Watsa ciyawa sama gwajin iska ne. Tsugunawa a bayan ƙwallo duban gangaren ƙasa ne. Kaɗa sanda kuwa sassauta wuyan hannu ne.

Yanayin ƙasar Kano ma ya haifar da nasa ɗabi'un. Da bazara ba mai son rana ta same shi a tsakiyar fili, don haka wasu ba su fita sai bayan sallar asuba, wasu kuma sai la'asar ta yi sanyi. Da hunturu ƙasa kan bushe ta yi tauri, ƙwallo ta yi ta gangarawa fiye da yadda aka nufa, ƙura kuma ta ɓoye tutar da ke bakin rami. Wanda ya saba da wannan yakan rage ƙarfi, ya bar ƙasa ta ƙarasa masa aikin.

Shekaru da yawa, filayen ƙasashe masu ƙarancin ruwa, har da na Nijeriya, ba su da lallausar ciyawar nan da ake shukawa kewaye da rami. Yashi ake cakuɗawa da mai a shimfiɗa, kafin mutum ya tura ƙwallonsa kuma sai an ja wani abin share ƙasa an lallashe masa hanya. A kan irin wannan shimfiɗa ce, a filin Ikoyi da ke Legas, Baturen Ingila Peter Tupling ya gama ramuka 72 da bugu 255 a gasar Nijeriya ta 1981, abin da ya zama abin faɗi a duniyar wasan. Tsofaffin 'yan wasa da suka koya a kan yashi sun saba da tura ƙwallo da ƙarfi kai tsaye, ɗabi'ar kuwa takan bi mutum ko bayan ya koma kan ciyawa.

Amma tsari yana da iyaka. Idan kaɗa sanda sau biyu ya zama sau goma, ya tashi daga taimako ya zama cuta. A babbar gasar Amurka ta 2002, a filin Bethpage na jihar New York, Sergio Garcia ɗan ƙasar Sifen ya riƙa sake riƙon sanda sau da yawa kafin ya buga, har 'yan kallo suka shiga ƙirga masa da babbar murya. Dokokin da suka fara aiki a 2019 sun shawarci kowa ya yi bugunsa cikin daƙiƙa 40, suka kuma rage lokacin neman ɓatacciyar ƙwallo daga minti 5 zuwa minti 3. Mai jan jiki ba kansa kaɗai yake ɓata wa lokaci ba, duk ayarin da ke bayansa yake tsayarwa a rana.

Inda Camfi Ya Shigo

Daga tsari zuwa camfi taku ɗaya ne. A kan buga lamba a jikin ƙwallo, galibi daga 1 zuwa 4, don kawai kowa ya gane tasa. Duk da haka akwai wanda ba ya taɓa mai lamba 4, akwai wanda in ba mai lamba 3 ba gara ya fasa wasan. Akwai mai hular sa'a, wadda ta koɗe ta yage amma ba ta rabuwa da kansa. Wani idan ya ci rami da kyau ba zai wanke ƙwallon ba, kada ya wanke sa'ar. Wani yana da tsohuwar ƙwallo ta musamman da yake fitarwa idan zai tsallake ruwa, watau tun kafin ya buga ya riga ya sallama ta. Wani kuma ba ya son a faɗa masa lissafinsa a tsakiyar wasa, domin a ganinsa da zarar an ce yana kan gaba, to, baki ya kama shi.

Doka ta yarda mutum ya ɗauke ƙwallonsa idan ta iso dandalin rami, muddin ya sa alama a gurbinta. Wannan 'yar alama ta zama gidan camfi babba. Wani maɓalli yake sawa, wani tsohon sulai, wani kwabon nan mai huji da aka daina kashewa tun da daɗewa, ya adana shi kamar gadon kaka. In ya manta shi a aljihun wata riga, ranar nan duk bugun da ya karkace kwabon ne sanadi.

Ba 'yan nishaɗi kaɗai ke da wannan hali ba. Tiger Woods na Amurka, wanda ya ci manyan gasanni 15, ya shahara da sa jar riga a ranar ƙarshe ta kowace gasa, bisa shawarar mahaifiyarsa 'yar ƙasar Tailan, wadda ta ɗauki ja a kan launin ƙarfinsa. Da ya yi mummunan haɗarin mota a watan Fabrairu na 2021, 'yan wasa da dama suka fito da jar riga da baƙin wando don nuna masa zumunci. Gary Player na Afirka ta Kudu kuwa baƙaƙen kaya ya riƙa, har suka zama laƙabinsa. An san Ernie Els, shi ma ɗan Afirka ta Kudu, da canza ƙwallo bayan ya ci rami da bugu ɗaya ƙasa da ƙa'ida, a bisa cewa kowace ƙwallo rabo ɗaya ke cikinta.

Labarin Jack Nicklaus, mai manyan gasanni 18, ya nuna yadda iyakar take da siriri. Ya saba shiga fili da kwabbai uku a aljihu. Dalilin da aka ji daga gare shi mai sauƙi ne: ɗaya na sa alama, ɗaya ko na farkon zai ɓace, ɗaya kuma ko abokin wasa zai nema. Wannan tanadi ne. Sai ranar da mutum ya ji ba zai iya bugu ba don kwabban biyu ne a aljihunsa, ranar ce tanadi ya rikiɗe ya zama camfi.

Abin Da Masana Suka Gano

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sa ido a kan wannan al'amari. A 1948 wani masani Ba'amurke, B. F. Skinner, ya tsare tattabaru 8 masu jin yunwa, ya shirya na'urar da ke zubo musu tsaba bayan kowace daƙiƙa 15, ko sun yi wani abu ko ba su yi ba. Ba a daɗe ba 6 daga cikinsu suka kama ɗabi'u: wata tana juyawa, wata tana cusa kai a kusurwar keji, wata tana lilo da kai. Kowace ta riƙe abin da take yi sa'ad da tsaba ta fara zubowa, ta ɗauka shi ne ya kawo ta. Haka ɗan wasa yake da hularsa. Ya tuna ranar da ya sa ta ya yi nasara, ya manta ranaku goma da ya sa ta ya sha kashi.

Kafin wannan, Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand na tekun Pasifik a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya lura cewa masuntan wurin ba su yin wani tsafi idan za su kamun kifi a ruwa mai kwanciya na kusa da gaɓa, amma idan za su shiga tsakiyar teku, inda rai da rabo ba su da tabbas, sai tsafe-tsafe su yawaita. Watau camfi ya fi tsiro inda gwaninta ta ƙare, rashin tabbas ya fara. Golf kuwa cike yake da rashin tabbas, gama tsakuwa ɗaya ko ɗan sauyin iska sun isa su mai da kyakkyawan bugu ya zama asara.

Shin camfin yana aiki? A 2010 wasu masana a Jami'ar Kolon ta ƙasar Jamus sun gwada ɗalibai 28 da tura ƙwallo cikin rami daga nisan mita ɗaya, sau 10 kowanne. Waɗanda aka gaya wa cewa ƙwallonsu mai sa'a ce sun jefa wajen 6, sauran kuwa ba su kai 5 ba. Labarin ya bazu a jaridun duniya. To, amma a 2014 wasu masanan a Amurka suka maimaita gwajin da mutane masu yawa fiye da na farko, ba su ga wani bambanci ba. Abin da ya rage tabbatacce shi ne natsuwa tana taimakon hannu, natsuwa kuwa ana samun ta ta hanyar horo ba tare da an jingina ta ga hula ko kwabo ba.

Ga Musulmi maganar ta wuce ta riba ko asara. Malamai sun yi hani ga camfi da ɗaukar wani abu a kan mai kawo sa'a ko shu'umci, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi rubutu a kan irin waɗannan al'adu a ƙasar Hausa fiye da shekaru 200 da suka wuce. Saboda haka wanda ya fara bugu da bisimilla, ya bar sauran ga Mai Rabo, ya huta da ɗawainiyar hula.

A Gindin Bishiya

Manomin da ke dariyar mai sanda da 'yar ƙwallo, in ya waiwaya gindin tsamiyar ƙofar gidansa, zai ga ɗan'uwan abin da yake wa dariya. Bayan an gama kaka an kai amfani rumbu, dara ke karɓar yammacin dattawan karkara. Ramuka 30 ake tonawa a ƙasa, layi 5 mai gida 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wani da tsinke wani da tsakuwa, duk wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya daga na abokinsa. Kowace majalisar dara tana da gwaninta mai wurin zama na musamman, wanda ba ya yarda a sauya masa gefe. Akwai mai kafa tsinke da ƙarfi har ƙura ta tashi, akwai mai yi wa kansa kirari, akwai mai yin shiru kamar an aiko masa da mutuwa. Ɗan dambe kuma, da layunsa da gurunsa, ya fi kowa sanin cewa ranar karo zuciya na neman madogara.

Manomin kansa yana da nasa. Mai yin binne, wanda ke zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko, yana aiki ne da sani da kuma fata a lokaci guda. Duban gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, sani ne da aka gada. Amma ƙin fara wani aiki a wata rana don ana ganin ba ta da sa'a, wannan ɗan'uwan ƙwallo mai lamba 4 ne. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya tashi a ƙauyen Bichi ko Gezawa, ya zo birni ya koyi golf da girmansa, bai koyi camfi daga Bature ba. Kaya kawai ya sauya masa.

Bambanci ɗaya ne babba tsakanin wasannin biyu. Dara a gaban jama'a ake yin ta, idanu goma na kan kowane rami, mai maguɗi ba ya kai labari. Golf kuwa a fili mai faɗin eka ɗari da wani abu ake yin sa, mutum yakan sami kansa shi kaɗai a bayan bishiya, daga shi sai ƙwallonsa.

Bayan Bugu

A wasan nishaɗi ba alƙali. Kowa shi ke ƙirga bugunsa, shi ke kai ƙarar kansa in ya karya doka. A nan ne ake ganin ɗabi'u kashi na uku. Akwai mai taɓa ƙwallo da ƙafa ya fito da ita daga ƙarƙashin ƙaya, yana duban sama kamar mai neman wata. Akwai mai mantuwar da ba ta taɓa cutarsa, kullum bugu 7 ne ke komawa 6, ba a taɓa jin 6 ya koma 7 ba. Akwai mai ajiye ƙwallo ta biyu a aljihu, in ta farko ta ɓace a ciyawa sai a ji ya ce ga ta nan. Akwai kuma mai ƙara wa kansa bugu da gangan a ranakun banza, domin a ba shi rangwame mai yawa a ranar gasa, gama wasan yana da tsarin rangwame da ke daidaita gwani da ɗan koyo.

Wasu sassaucin da yardar juna ake yin su. Abokai kan bar mutum ya sake bugun farko in ya lalace, ko su yafe masa turin ƙarshe idan ƙwallo ta tsaya dab da rami. Wannan ba laifi, muddin kowa ya sani kuma ba gasa ake yi ba. Matsala takan taso ne idan kuɗi ya shigo. Al'adar sa 'yan kuɗi a kan rami tsohuwa ce a wasan, sunanta kuwa caca, kome ƙanƙantarta. Inda aka sa kuɗi, mantuwa takan yawaita, zumuncin shekaru ya lalace a kan bugu ɗaya.

Tarihin wasan ya adana labarai biyu da ya kamata ma'aikaci da ɗalibi su sani. A babbar gasar Amurka ta 1925, Bobby Jones, wanda bai taɓa yin wasa don kuɗi ba, ya ga ƙwallonsa ta ɗan motsa a cikin ciyawa sa'ad da yake shirin bugu. Ba wanda ya tabbatar da ganin haka sai shi. Ya nace a ƙara masa bugu ɗaya na tara. A ƙarshe suka yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake karawa, Jones ya faɗi. Da aka yi ta yabonsa, sai ya nuna cewa wannan daidai yake da a yabi mutum don bai yi fashi a banki ba.

Na biyu ya faru a gasar Masters ta 1968. Roberto De Vicenzo ɗan ƙasar Ajantina ya ci rami na 17 da bugu 3, amma abokin wasansa mai rubuta masa kati ya rubuta 4. De Vicenzo ya sa hannu bai duba ba. Doka ta ce wanda ya sa hannu a kan adadin da ya fi na gaskiya yawa, adadin ya zauna, in kuma ya gaza na gaskiya, an kore shi. Bugu ɗayan nan ya hana shi karawar ƙarshe, Bob Goalby ya ɗauki kambi. Duk wanda aikinsa ya haɗa da sa hannu a takardar biya ko fayil ya san abin da wannan labari ke nufi. Haka nan a 2001, a babbar gasar Birtaniya, Ian Woosnam yana cikin na gaba-gaba a ranar ƙarshe aka tarar da sanduna 15 a jakarsa, aka ci shi tarar bugu 2. Ƙirga sanduna da karanta kati ɗabi'u ne marasa armashi, ba mai ba da labarinsu a wurin hira, amma sun fi kowace hular sa'a amfani.

Mai Jaka Da Ƙasa

Akwai shaida guda da ba ya rabuwa da ɗan wasa, shi ne yaron da ke ɗaukar masa jaka. Shi ya san yawan bugun gaskiya, shi ya ga ƙafar da ta taɓa ƙwallo, ko da yake iyakar abin da zai ce shi ne ranka ya daɗe. Wani maigidan in bugu ya yi kyau gwanintarsa ce, in ya ɓaci yaron ne ya miƙo sandar da ba ita ba. Wani kuwa yakan tambayi yaron shawara, ya raba ruwan sha da shi, ya tambaye shi labarin makaranta. Ba ƙaramin abu ba ne, domin daga cikin masu ɗaukar jaka ne gwanaye irin su Lee Trevino na Amurka da Seve Ballesteros na Sifen suka fito, haka kuma da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya. Abin da yaro ya ga babba yana yi a bayan bishiya, shi zai ɗauka a kan dokar wasa, wataƙila ma dokar zaman duniya.

Sai kuma haƙƙin ƙasa. Ladabin wasan ya wajabta wa mutum ya mai da ɓawon ciyawar da sandarsa ta ɓantare, ya share sawunsa a ramin yashi, ya gyara gurbin da ƙwallonsa ta yi, ya yi shiru sa'ad da wani ke bugu, ya kuma ɗaga murya ya yi gargaɗi idan ƙwallonsa ta nufi mutane. A yankin da gonar gida guda ba ta wuce 'yan eka kaɗan, filin wasa ɗaya kuwa ya isa ya ci da gidaje da dama, wanda aka ba damar yin wasa a kan ƙasa bai kamata ya fi manomi sakaci da ita ba.

Saboda haka, mai hularsa ta sa'a da mai yi wa ƙwallo magana ba su cuci kowa ba, iyakaci a yi musu dariya a wurin shan shayi, malami kuma ya yi musu nasiha. Wanda ya kamata abokan wasa su lura da shi shi ne mai mantuwar lissafi, gama hali zanen dutse ne, wanda ya rage bugu a kati ba zai ji nauyin ƙara sifiri a takarda ba. A ƙarshen rami na 18 al'ada ce 'yan wasa su yi musafaha, kowa ya duba katinsa rami bayan rami, sa'an nan ya sa hannu. A daidai wannan lokaci ne, can a ƙauyukan Minjibir, 'yan dara ke tattara tsinkayensu su nufi masallaci don sallar magariba.